Hoton wasana yana cijewa a birnin Novigrad ko da na sauke dukkan saituna

Mahayin Doki ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta a kan wata matsala da ta hana ni jin daɗin The Witcher 3, wasan da na daɗe ina burin in kai ƙarshensa. Na taɓa fara shi shekarun baya na tsaya a tsakiya, yanzu kuma na dawo masa bayan babbar sabuntawar da aka yi masa a watan Disamba na 2022, wadda ta zo da sababbin saitunan hoto masu nauyi.

Kwamfutata tana da katin hoto RTX 2060 mai gigabait 6, da furosesa Ryzen 5 2600, da RAM gigabait 16, wasan kuma yana kan SSD. Allona na 1080p ne, yana iya sabunta hoto har sau 144 a sakan guda, kuma yana da FreeSync, ko da yake ban taɓa taɓa wannan ɓangaren ba.

Idan ina cikin dazuzzuka da fadamun Velen, wani yankin karkara a cikin wasan, komai yana tafiya sumul, ma'aunin firem (wato hotunan da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya su ba da motsi) yana nuna mini sama da 70 a sakan. Amma da zarar na nufi Novigrad, babban birnin wasan, a kan doki, musamman idan na shiga dandalin Hierarch inda jama'a suka cika, sai hoton ya riƙa cijewa kamar mai in'ina: ya yi gaba, ya ɗan ƙame, ya sake yin gaba. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin faɗa, domin wasan ya dogara ne ga kaucewa da kare sara a daidai lokacin da ya kamata, kuma idan hoto ya cije a wannan ƙiftawar ido, sai a sare ni alhali na riga na danna maɓalli. Na kashe tsarin bin diddigin haske (ray tracing), wanda ke zana haske da inuwa kamar na zahiri, tun ranar farko, saboda na ga katina ba zai iya da shi ba. Daga baya na sauke komai zuwa mafi ƙanƙanta, har na mayar da girman hoton zuwa 720p. Hoton ya yi muni ƙwarai, amma cijewar tana nan yadda take a cikin birni. Shin akwai wani saiti da na tsallake ne, ko kuwa lokaci ya yi da zan haƙura in nemi sabon katin hoto?

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sauya katin, domin gwajin da ka yi da kanka ya riga ya wanke shi daga laifi, sai dai ba ka lura ba. Hoton 1080p yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, na 720p kuwa 921,600 ne kacal, wato ƙasa da rabi. Da a ce katin ne ya gaza, rage masa fiye da rabin aikinsa zai sa ka ga bambanci a fili nan take. Tunda ka rage kuma babu abin da ya sauya a cikin birni, to katin yana zaune ne yana jiran wani, wanda ake jira kuwa kusan kullum furosesa ne. Ka yi ta sauke inuwa da girman hoto, wato an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in yi bayanin yadda aikin yake rabuwa. Kafin a zana kowane firem, furosesa ne yake lissafa inda kowane mutum yake a cikin gari, da inda ya nufa, da motsin jikinsa, da abin da ya kamata a ɗauko daga ma'ajiya yayin da kake matsowa, sannan ya jera wa katin hoto umarnin abin da zai zana. Katin kuwa aikinsa fenti ne: haske, inuwa, launi, da gogewar gefuna. A Velen mutane kaɗan ne, bishiyoyi da ciyayi ne suka yi yawa, don haka nauyin yana kan kati. A Novigrad gidaje ne a cunkushe da ɗimbin jama'a, nauyin sai ya koma kan furosesa. Ryzen 5 2600 ya fito ne a 2018, yana da cibiyoyin aiki shida, amma wasanni irin wannan sukan jibga mafi nauyin aikin a kan cibiya ɗaya ko biyu. Shi ya sa za ka iya ganin ma'auni yana cewa furosesa bai ma kai rabin ƙarfinsa ba, alhali cibiya guda ta cika ta batse, sauran duka suna jiranta.

Abu na biyu, kuma shi ne na fi so ka riƙe, shi ne cewa adadin firem a sakan ba ya faɗin gaskiyar abin da ido yake gani. Wannan adadi matsakaici ne kawai. Abin da ke sa wasa ya yi santsi shi ne tazarar da ke tsakanin firem da firem ta kasance iri ɗaya. A firem 60, kowane ɗaya yana da milisakan 16.7, a firem 30 kuma yana da 33.3. Idan a cikin sakan guda firem hamsin da tara suka zo da sauri, amma ɗaya ya ɗauki milisakan 100, ma'auni zai nuna maka lamba mai kyau, idonka da hannunka kuwa za su ji wannan guda ɗayan. Shi ne in'inar da kake magana.

Saboda haka kafin ka sake taɓa wani saiti, ka sauke manhajojin auna aikin kwamfuta MSI Afterburner tare da RivaTuner Statistics Server, ka kunna abubuwa huɗu su riƙa bayyana a kan allo: yawan aikin katin hoto, da aikin kowace cibiyar furosesa daban, da yawan ma'adanar katin (wato RAM ɗin da ke jikin katin hoto) da ake amfani da ita, da kuma zanen layin tazarar firem. Sai ka zaɓi hanya guda, misali daga ƙofar birni zuwa dandalin Hierarch, ka riƙa bin ta a kan doki kowane lokaci da ka sauya abu ɗaya. Ina jaddada abu ɗaya, domin idan ka sauya biyar a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Idan katin yana aiki da kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne iyakarka. Idan kuwa ya sauko ƙasa sosai a daidai lokacin da layin yake tsalle, to maganata ta tabbata.

'Yar Maharba ta rubuta:

Malam Mai Gyara ya yi bayanin tushen matsalar, ni kuma zan shiga cikin saitunan kansu, domin na kammala wasan nan har da ƙarin labarin Toussaint a kan kwamfutar da ba ta fi taka ƙarfi ba.

Da farko, ɗan'uwa, ka mayar da kyawun hotonka. Babu dalilin da zai sa ka zauna a 720p. Ka koma 1080p, ka kuma ɗaga ingancin zanen saman abubuwa, wato fatar bango da tufafi da makamai, zuwa babban mataki. Wannan saitin ba ƙarfin kati yake ci ba, wurin ajiya yake ci, kuma muddin bai cika ma'adanar katin ba, kusan kyauta ne. Iyakar abin da za ka kiyaye shi ne kada ma'aunin ya kusanci gigabait 6 ɗin da kake da su. Dalili kuwa shi ne ma'adanar RTX 2060 tana iya jigilar gigabait 336 a sakan, amma idan ta cika aka koma ɗauko kaya daga RAM ta ramin PCIe 3.0 da katin yake ciki, hanyar ba ta wuce kusan gigabait 16 a sakan ba. Wannan gibin shi ma yana haifar da cijewa mai tsanani, kuma yakan fito ne bayan an daɗe ana wasa, ba a minti na farko ba.

Saitunan da za su taimake ka a birni su ne waɗanda ke ƙara wa furosesa lissafi. Na farko shi ne adadin mutanen da ke yawo a bayan fage. Ka sauke shi zuwa matsakaici ko ƙasa, birnin ba zai zama kufai ba, za ka ci gaba da ganin 'yan kasuwa da masu gadi da mabarata. Na biyu shi ne nisan da ake hango bishiyoyi da ciyayi, wanda tun fitowar wasan a 2015 aka san shi a cikin mafiya nauyi, domin kowace bishiyar da aka ƙara a nesa tana zuwa da inuwarta, kuma sai an ba kati umarnin zana ta. Babban mataki ya wadatar. Matakin ƙoli da sabuntawar 2022 ta ƙaro a saman wanda ake da shi a da, an yi shi ne domin kwamfutocin da suka fi namu nesa ba kusa ba, kuma idan kana sukuwa ko kana tsakiyar faɗa ba za ka tsaya ƙirga bishiyoyin da ke bayan tsauni ba. Ingancin inuwa ma ka bar shi a matsakaici ko babba.

Sai HairWorks, fasahar NVIDIA da ke zana gashi zare-zare. Ni a ganina ka kashe ta gaba ɗaya. Tana da kyau a jikin kyarkeci da beyar, amma tana cin ƙarfi ne a lokutan da ka fi buƙatarsa, wato idan garken kyarketai ya kewaye ka, ko idan kamara ta matso kusa da kan Geralt, jarumin wasan, a cikin ɗaki. Idan ranka yana son ta, akwai zaɓin barin ta a kan Geralt shi kaɗai, ka kuma rage gogewar gefunan gashin. Dishi-dishin motsi da na nesa kuwa ba su da nauyi sosai, zaɓin ido ne. Ni nakan kashe dishi-dishin motsi saboda yana ɓoye mini ɗaga hannun abokin gaba.

Amma shawarata mafi girma ita ce ka duba wace sigar wasan kake buɗewa. Tun bayan sabuntawar, akwai zaɓi tsakanin DirectX 11 da DirectX 12, wato hanyoyi biyu da wasan ke magana da katin hoto, kafin a shiga wasan. Bin diddigin haske yana buƙatar 12, kai kuwa ka riga ka kashe shi. A kwamfutata sigar 11 ta fi sauƙi a kan furosesa, birane sun fi tafiya daidai, kuma ajiyar wasanka ɗaya ce a duka biyun, don haka gwajin ba zai sa ka rasa komai ba.

Tsohon Ɗan Wasa ya rubuta:

Na yarda da kusan duk abin da 'yar'uwa ta faɗa, amma ina so a gaya wa mai tambaya abin da zai bari idan ya koma DirectX 11, domin ya yi zaɓinsa da sani. DLSS da FSR 2, fasahohin da ke zana hoto ƙarami su ɗaga shi zuwa girman allo, suna sigar 12 ne. Ga mai katin RTX, DLSS ba ƙaramin abu ba ne: a matakin inganci yana zana hoton a 1280 da 720, sannan ya gina shi zuwa 1080p ta hanyar amfani da bayanan firem ɗin da suka gabata, sakamakon kuwa ya fi 720p ɗin da ka gwada kyau nesa ba kusa ba. Sai dai gaskiya ita ce wannan yana sauƙaƙa wa kati ne, ba furosesa ba, don haka zai taimake ka a Velen da tsibiran Skellige, amma ba zai taɓa matsalar Novigrad ba. Idan ma'auni ya nuna katinka yana da sauran ƙarfi a ko'ina, to maganar 'yar'uwa ce daidai. Ka gwada duka biyun a kan hanyar nan guda, gani ya kori ji.

Idan ka gwada, kada ka yanke hukunci a zagayen farko. Wasanni suna da dubban ƙananan shirye-shiryen da ke gaya wa kati yadda zai zana haske da launi a kan kowane irin abu, kuma dole a juya su zuwa harshen da katinka yake ganewa. Idan aka bar wannan juyi sai lokacin da aka fara ganin abin, hoto yakan cije sau ɗaya, misali karon farko da ka watsa wutar sihirin Igni ko ka shiga sabuwar unguwa, daga nan a adana sakamakon. Sabunta direban kati, wato manhajar da ke tafiyar da shi, yakan sa a sake wannan aiki daga farko. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: cijewar da ta ɓace a zagaye na biyu ta wannan juyin ce, wadda ta dawo a wuri ɗaya kowane lokaci kuwa ta furosesa ce ko ta ɗauko kaya daga ma'ajiya.

Abin da ba a ambata ba, wanda ni na ɗauke shi fiye da kowane saiti, shi ne ƙayyade firem. Ka bar wasanka a sake, yana hawa sama da 70 a daji yana faɗowa a birni, hannunka kuma yana sabawa da wani sauri sai a sauya masa. Ka duba mafi ƙarancin abin da kwamfutarka take iya riƙewa a wuri mafi cunkoso, ka ɗaure wasan a nan ta cikin RivaTuner ko ta manhajar kula da katin. Idan 60 ne, madalla. Idan 50 ne, ka karɓi 50, domin milisakan 20 da ba ya motsi ya fi daɗin faɗa a kan lambar da ke lilo tsakanin 45 da 80. Ɗaurewar tana kuma bar wa furosesa ɗan numfashi a kowane firem, wanda zai shanye nauyin da ya zo ba zato.

Nan ne allonka zai yi maka amfani. A allon da ke tsaye a 60, firem 50 ba ya rabuwa daidai, sai ka ga ko dai hoto yana yagewa a tsakiya ko yana ɗingishi. FreeSync yana sa allon ya jira kati, ya sabunta hoto a daidai lokacin da firem ya iso. Tun watan Janairu na 2019 katunan NVIDIA daga jerin GTX 10 zuwa sama suke iya aiki da irin waɗannan alluna, amma sai ka haɗa da wayar DisplayPort, ka kunna FreeSync a maɓallan allon kansa, sannan ka kunna G-Sync, takwaransa na NVIDIA, a manhajar katin. Ka kuma tabbatar Windows ta sa allon a 144, domin sau da yawa sabon allo yakan zauna a 60 har sai an sauya da hannu.

Mahayin Doki ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sa ma'aunin kamar yadda Malam Mai Gyara ya ce, kuma haka abin yake: a Velen katin yana cike da aiki, a dandalin Hierarch kuwa sai ya sauko sosai, layin tazarar ya riƙa fitar da tsini. Na koma DirectX 11, na rage jama'a, na kashe HairWorks, na mayar da hoton 1080p, tsinin ya ragu da yawa. Allona ma ashe a 60 yake tun da na kafa shi, kuma da wayar HDMI na haɗa. Wani abu kuma da na gani yayin bincike: a shafin lura da ayyuka na Windows an rubuta saurin RAM ɗina 2133, alhali a jikin kwalinsa an rubuta 3000. Shin wannan yana da alaƙa da matsalar?

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Yana da alaƙa sosai, kuma na ji daɗi da ka lura da shi. RAM na DDR4 yakan tashi ne a saurinsa na asali, wanda sau da yawa 2133 ne, har sai an shiga BIOS, wato shafin saitunan da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, an kunna bayanin saurin da aka adana a jikinsa. Sunan wannan zaɓi XMP, a wasu allunan uwa (motherboard, babban faifan da ake haɗa sassan kwamfuta a kai) na AMD kuma za ka gan shi da sunan DOCP ko A-XMP. A furosesoshin Ryzen irin naka abin ya fi muhimmanci, domin hanyar da ke haɗa rukunonin cibiyoyinsa, wadda ake kira Infinity Fabric, tana tafiya ne da saurin RAM. Idan RAM ya yi jinkiri, maganar da cibiyoyin ke yi da juna ma ta yi jinkiri, kuma wurin da za a fi jin haka shi ne inda furosesa ya zama iyaka, wato birninka.

Ka yi a hankali. Saurin da aka tabbatar wa Ryzen 5 2600 a hukumance shi ne 2933, don haka idan ka kunna XMP kwamfutar ta ƙi tashi ko ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, ka sauko da shi zuwa 2933 da hannu. Ka san inda ake mayar da BIOS yadda yake tun asali kafin ka fara, sannan ka gwada RAM ɗin da manhajar gwaji MemTest86 bayan ka gama. Ka kuma buɗe akwatin ka duba ko sanda ɗaya ce mai gigabait 16 ko biyu masu takwas-takwas. Idan biyu ne a allon uwa mai ramuka huɗu, yawanci a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su domin su yi aiki ta hanya biyu a tare, amma littafin allon uwar kwamfutarka shi ne zai tabbatar maka. Tunda ka buɗe, ka share ƙurar fanka, ka ƙara ma'aunin zafi a cikin abubuwan da kake kallo, saboda kati irin naka yakan fara rage gudunsa da kansa idan ya kai wajen digiri 83.

Mahayin Doki ya rubuta:

Sanduna biyu ne, kuma suna ramukan da suka dace. XMP bai zauna a 3000 ba, kwamfutar ta sake tashi da kanta sau biyu, sai na sa 2933 kamar yadda ka ce, gwajin kuma ya wuce ba kuskure. Na samo wayar DisplayPort, na kunna G-Sync, na ɗaure wasan a 60. Daga ƙofar birni zuwa dandali layin ya kusa miƙewa, sai tsini ɗaya da ke fitowa kullum a wuri guda idan ina tafiya da sauri a kan doki, wanda ba ya fitowa idan na rage saurin dokin. Jiya da dare na yi faɗa da 'yan daba a lungunan tashar jiragen ruwa, na kare sara sau da yawa a jere ba tare da hoton ya yaudare ni ba. Tunda yanzu katin yana da sauran ƙarfi a daji, ina tunanin ɗaga yawan ciyawa da ingancin ruwa mataki ɗaya kafin in tashi zuwa Skellige. 'Yar'uwa, ke da kika wuce can, wanne daga cikin biyun ya fi nauyi a tsibiran?